Wane suna za mu ba rinin da ake gane melanoma da shi?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ina aikin lafiya a wani ƙauye ta wajen Ringim. Makon jiya wani dattijo manomi ya dawo daga Kano da takardar asibiti. An yanko ɗan nama daga wani baƙin tabo a tafin ƙafarsa, likita ya ce sai an ƙara wani gwaji da ake taƙaita sunansa da IHC kafin a yanke hukunci. Ya ce da ni, “Ɗana, ai sun duba naman. Me kuma za su sake dubawa?” Na ce, “Baba, rina shi za su yi.” Ya yi shiru, ya ce, “Kamar a karofi?”

Tun ranar maganar take yi mini yawo a ka, don Baba ya kusa gaskiya.

Naman da aka yanko ana fere shi siriri, a ɗora a gilashi, a zuba masa rini mai kala biyu, shuɗi da ja-ja, a duba a madubin likita. Sau da yawa wannan ya isa. Amma akwai tawadar Allah da ƙwayoyinta suke ɗan saɓa kama, har likitan ya kasa rantsewa ko lafiyayya ce ko melanoma, wato wani ciwon daji na fata. A nan ake kawo rini na biyu, wato IHC ɗin da likita ya ce, wanda ba ya kama ko'ina sai sinadarin da aka aike shi nema. Rinin nan iri-iri ne, kowanne da sunansa. S100, SOX10 da Melan-A suna nuna cewa ƙwayoyin daga masu yin launin fata suka fito, amma ba su raba mai kyau da mugu. HMB-45 a tawada lafiyayya yakan kama sama ya dushe can ƙasa, a melanoma kuwa yakan kama har ciki ko ya yi dabbare-dabbare. Ki-67, wanda ya samo suna daga garin Kiel na Jamus, yana nuna yawan ƙwayoyin da ke hayayyafa. PRAME, da ya yaɗu a ɗakunan gwaji bayan 2018, yakan rine yawancin melanoma gaba ɗaya, ya bar yawancin tawada. Babu ɗaya da ke yanke hukunci shi kaɗai. Likita ne ke haɗa su da abin da idonsa ya gani.

To, sunan. Wani ya ce “gwajin launi”. Ban karɓa ba, don mai ji zai ɗauka launin fatarsa za a duba. Wata ƴar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce “lallen nama”. Ya yi daɗin baki, sai dai lalle duk inda aka shafa shi yake kamawa, wannan kuwa zaɓe yake yi. “Rinin tona asiri” ya burge ni, amma ka faɗa wa mara lafiya haka ka ga yadda gabansa zai faɗi. Ni na tsaya a kan RININ TANTANCEWA, kowane ɗaya daga cikin su S100 kuma a kira shi MANUNI.

Tawadar da ta saɓa kama fa? An ba ni “tawada mai rikiɗa”. Wannan na ƙi shi da ƙarfi, saboda yana nufin dole ta koma ciwon daji, alhali yawancinsu ba sa komawa. Na fi son BAUƊAƊƊIYAR TAWADA: ta bauɗe daga tsari, shi ke nan abin da aka sani.

Melanoma ita ce ta fi ba ni wuya. “Sankarar tawada” zai sa mutanenmu su riƙa duban tawadar fuska kawai, alhali a baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, sau da yawa a inda babu tawada tun farko. Manomi ya ɗauka ƙaya ce ko faso, har ta zama gyambo. Irin ta ce ta kashe Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ta fara. Na ajiye BAƘAR SANKARAR FATA, duk da akwai wadda ba ta da baƙi ko kaɗan, kuma wannan ne ya hana ni sakin jiki da kalmar. Malaman Hausa da likitocin fata, ina jiran gyaranku a nan. Baba zai dawo da sakamako ranar Litinin, ina so in same shi da kalmar da zai iya maimaita wa iyalinsa.