Neman kalma: over, gobe ina da darasi

Isufu: Salamu alaikum ƴan uwa. Gobe da sahe ina da ƴan ajin 3e a kwalejin CEG nan Tawa, darasin kalmar Ingilishi over ne, ga jarrabawar BEPC ta matso. In na ce musu sur da Faransanci sai su riƙe shi ko'ina su rubuto mini shirme. Ina son in ba su da Hausa, mi za ni ce?

Rakiya: Mushe ai ba kalma guda ba ce. Jirgi ya bi over Yamai, ta bisa ya bi. Ka bi over gadar Kennedy zuwa Harobanda, ƙetarewa ka yi. Over 50, fiye da 50. In aka ce wasa is over kuma, ya ƙare ke nan, babu zancen bisa.

Isufu: Wanga na gane Hajiya. Wanda ake mannawa gaban kalma shi ka ba ni wahala, overload, overdose, overcook.

Abdu: Ni tuni na ƙera tawa, zarce. Zarce-kaya, zarce-magani, zarce-dahuwa. Guda ta ishe su duka.

Rakiya: Haba Malam Abdu, wa ke cewa zarce-dahuwa a madafa? Hausa ba ta manna abu gaba haka in ba irin ma- na manomi ko ba- na Bahaushe ba. Shinkafa ta caɓe, magani ya wuce kima, kaya sun yi yawa. To overtake hwa, da ke nuhin shan gaban mota, ko overlook, ka bar abu ba ka lura ba, ina zarcenka zai shiga?

Sani: Ku zo tashar Ƙonni ku ji, kamyo ya taho daga Illela buhunan masara sun hi kan direba tsawo, kowa obalodi yake cewa, har jandarma ya gane.

Abdu: To ka ji matsalarmu! Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar amma har yau sai mun jira Najeriya ta tauna ta ba mu.

Sani: Da kake cewa lekol da mushe, kakanka ya ƙera su?

Abdu: Sani ka kiyaye ni, ba sa'anka ba ne ni.

Isufu: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. A allo zan sa ta bisa, ƙetare, fiye da, ya ƙare. Na gaban kalma kuma wuce kima, overtake da overlook su haddace su daban. Obalodi zan kawo shi misali tunda yaran sun san shi.

Abdu: Wuce kima ba laihi, amma ka gwada musu zarce-kaya ko sau guda ka ji mi za su ce.