Gashin ƙirji: reza, halawa ko man cire gashi na Veet?

Ɗan Garwa:
Slm jama'a, dan Allah ina neman shawara. Gashin ƙirjina ya yi yawa, ga zafin nan na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, zufa ta maƙale a ciki ƙuraje su fito. In na sa reza kuma ƙaiƙayi ya hana ni barci. Madam ma tana da 'yan silla-silla a tsakiyar ƙirji amma kunya ta hana ta tambaya. Wai gaskiya ne in an aske ƙara kauri yake?

Baban Yusra, Marwa:
Wslm. Ba ya ƙara kauri malam, tsinin gashin ne reza ke datsewa shi ya sa in ya tsiro ka ji shi da kaushi. Ni shawarata ka rabu da reza ka sayi tondez irin ta masu aski ka riƙa rage shi kawai kar ka kai ga fata, don gashinmu murɗaɗɗe ne, in an kankare shi tas sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ƙurajen kenan. Kuma ƙirji wuri ne mai saurin yin tabon nan mai kumbura da likitoci ke kira keloyid, musamman mu baƙar fata, in ya fito kuwa raba ka da shi sai an sha wuya.

Anti Kusuri:
Ita madam ta yi halawa mana, mu nan da Injamena da ita muka tashi. Sukari, lemun tsami da ɗan ruwa a dafa har ya yi danƙo, ya huce a manna a fizge, daga saiwa yake fita sai ta yi sati 3 zuwa 4 lafiya lau. Akwai zafi fa ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa. Veet kuma a fara gwadawa a ɗan wuri, kar a wuce mintunan da aka rubuta a kwali, kuma kar ya taɓa kan nono, yana ƙona fata wlh.

Nas Ngaundere:
Yaya, 'yan silli a ƙirjin mace ba ciwo ba ne, mata da yawa na da su, almakashi ma ya isa. Amma in baƙi ne mai kauri yana ƙaruwa har haɓa, ga al'ada na tsallake wata, ga ƙurajen fuska, to ta ga likitan mata a duba sinadaran jikinta da ƙwan mahaifa, cirewa kaɗai ba zai tsayar da shi ba. Sannan ka duba man da take shafawa, mayukan bilicin masu sinadarin kortikoyid suna fito da gashi, mutane ba sa ganewa.

Malam Abba:
Ta fannin addini na hammata da mara ne aka ce kar a bari ya wuce kwana 40. Na ƙirji malamai da yawa sun ce ka bari ko ka cire duk babu laifi.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, halawar tana yi wa namiji ko gashin ya mata yawa?

Anti Kusuri:
Tana yi ƙanena, sai dai ka fara rage shi da tondez ɗin, kuma ka rufe ƙofa kar maƙwabta su ji ihu 😂