Wai dajin da gwamnati ta killace ana iya sake buɗe shi a ba masu haƙar ma'adinai?

Ɗan_Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin labaran Amurka ku fitar da ni duhu. Na ji ana maganar wani wuri wai shi Oak Flat a jihar Arizona, dajin gwamnati ne da aka hana taɓawa tun zamanin shugaba Eisenhower amma wai an amince a miƙa wa kamfani ya haƙi jan ƙarfe, kuma wai ba sayarwa ba ce, musaya ce. To in an killace wuri ba shikenan ba? Kuma meye musayar daji kuma, sai ka ce shanu a kasuwar Wudil?

Malam Gandu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai killacewar nan ba katanga ba ce, takarda ce kawai. Can suna da wata tsohuwar doka tun 1872 da ta ba mutum damar shiga filin gwamnatin tarayya ya kafa turke in ya ga ma'adini, kuma ko sisi ba ya biyan gwamnati a kan zinare ko jan ƙarfen da ya kwasa. To in ana son kare wani wuri sai a fitar da umarni a cire shi daga ƙarƙashin wannan dokar, shi aka yi wa eka 760 na Oak Flat a 1955. Da kamfanin Resolution Copper (na Rio Tinto da BHP ne) ya ga ba hanya ta gaba sai aka bi ta bayan gida, aka yi ta kai ƙudurin musaya majalisa yana faɗuwa, ƙarshe a Disambar 2014 aka cusa shi cikin dokar kuɗin tsaro wadda da wuya a ƙi sa mata hannu, Obama ya sa hannu. Musayar ita ce gwamnati ta ba da eka 2,422 na dajin Tonto, har da Oak Flat ɗin a ciki, kamfani ya ba ta wasu filaye sama da eka 5,000 a warwatse cikin jihar. Da zarar fili ya zama na kamfani kuwa, maganar killacewa ta mutu murus.

Uwar Biyu:
Malam ka bar babbar maganar ai. Wurin nan wajen ibadar ƙabilar Apache ne tun kaka da kakanni, can suke bikin balagar 'yan matansu. Kuma irin haƙar da za a yi ba ta sama ba ce, ta ƙarƙashi za a rarake har ƙasar ta rufta da kanta, an ƙiyasta ramin zai kai kusan kilomita 3 a faɗi, zurfi wajen mita 300. Wlh ni lissafin eka 5,000 ɗin ne ke ba ni haushi, a ce an rushe maka maƙabartar iyayenka an ba ka fuloti biyu a bayan gari wai ka ci riba. Wasu 'yan Apache sun je har Kotun Ƙoli, a Mayun 2025 ta ƙi ma sauraron ƙarar, alƙali Gorsuch da Thomas ne suka ce ba a kyauta ba.

Bakatsine:
Hajiya da girmanki, amma mu faɗi gaskiya, wayar da muke rubutun nan da ita jan ƙarfe ne a ciki, haka wayar wuta da sola da motocin lantarkin da ake ta yayi. Kamfanin na cewa zai iya samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar Amurka, ko da rabin haka ne ba wasa ba, ga aikin yi ga mutanen garin Superior da ma can da haƙa suke ci. In ba a haƙa a Arizona ba ai a Kongo ko Zambiya za a haƙa, inda ba mai lauyan zuwa kotu.

Uwar Biyu:
Ƙanena, an daina na Kongon ne don za a yi na Arizona? Duka biyun za a yi.

Malam Gandu:
Ɗan_Kurmi ƙarin misali kan tambayarka ta farko. A jihar Minnesota akwai masu haƙar ma'adinai na Twin Metals, mallakar kamfanin Antofagasta na Chile, kusa da tafkunan Boundary Waters. Gwamnatin Obama ta ƙi sabunta musu lasisi a 2016, Trump ya dawo musu da shi a 2019, Biden ya soke a 2022, a Janairun 2023 kuma aka killace eka sama da 225,000 na shekara 20, don wata dokar filayen gwamnati ta 1976 ba ta yarda ministan da ke kula da filayen ya killace babban fili fiye da shekara 20 ba, sai dai a sabunta. Majalisa ce kaɗai ke iya yin na dindindin.

Ɗan_Kurmi:
Ikon Allah, na gode Malam, na gode Hajiya. Ashe kamar namu na Zamfara ne, a hana haƙa a 2019 a ɗage a ƙarshen 2024. Amma Malam filayen musayar na kamfanin Resolution ɗin, wa ke yi musu kuɗi a san ba a yi wa gwamnati sakiyar da ba ruwa ba?