Taimako: wane suna za mu ba ɗigo mai launi da ke fitowa a SketchUp?

Malamin Zane: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan ɗauki darasin bidiyo da Hausa kan SketchUp, manhajar zana siffofin gini a kwamfuta. Push/Pull bai ba ni wahala ba, na sa "ja-da-turi", tunda fuskar abu kake kamawa ka ja ta zama bango. Inference ne ya tsaya min a wuya. Wato in ka kai linzami ƙarshen layi ɗigo kore ya fito, a tsakiya shuɗi mai haske, a kan layi ja, kuma linzamin ya manne a wurin.

Uwar Gida Injiniya: Wa alaikumus salam. Ishara. Manhajar tana yi maka ishara ne kafin ka danna.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muke buɗe ta, Pousser/Tirer ake ce wa ja-da-turin. Na goyi bayan ishara.

Baba Mai Ƙamus: Ishara Larabci ce. Kullum sai mun yi aro? Ga MAKAMA. Wanda ya rasa makama bai san inda zai kama ba, wannan ɗigo kuwa wurin kamu yake nuna maka.

Uwar Gida Injiniya: Baba, da girmanka, makama ta fi dacewa da kibiyoyin nan uku da ake kamawa a matsar da abu a manhajar zane ta Blender. Ka bar musu ita. Inference ya wuce ɗigo. In kana jan layi ya koma ja, ko kore, ko shuɗi, yana gaya maka ka daidaita da ɗaya daga turaku uku, wato layukan tsawo, faɗi da tsayi. Ka riƙe Shift ya kulle. A nan babu jerin matakan da za ka koma ka gyara lamba kamar a manhajar zane ta SolidWorks, da hannu kake taɓa siffar, don haka launin nan shi ne igiyar magini. In ya kuskure, bango ya karkace ba ka sani ba.

Baba Mai Ƙamus: 'Yata, igiyar ma ai kama ta ake yi. Makama.

Ɗan Kurmi: Kuna ɓata lokaci. Yaran da ke zana plan a Kano "sinaf" (snap na Turanci) suke cewa, kuma aiki na tafiya.

Baba Mai Ƙamus: Shi ya sa ake raina mu. Tun 2000 manhajar nan take, Google ta saye ta a 2006, Trimble ta karɓa a 2012, har yau Bahaushe bai raɗa wa ɗigo ɗaya suna ba.

Ɗan Damagaram: Baba, sunanka ma "ƙamus" daga ina ya zo?

Baba Mai Ƙamus: Wannan rashin kunya ce, ba hujja ba.

Ɗan Kurmi: Hausar Kano dai ita rediyo ke yi, sauran ku biyo baya.

Ɗan Damagaram: Ga shi an fara.

Malamin Zane: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Ga abin da zan yi: launi da rubutun da ke fitowa, ishara. Mannewar linzami, cafka. Kibiyoyin matsar da abu, makama, in mun kai darasin Blender.

Uwar Gida Injiniya: Cafka ta yi ƙarfi, kamar 'yan sanda sun kama ɓarawo. Amma a tafi da ita zuwa gobe.

Baba Mai Ƙamus: Ban yarda da ishara ba. Ka dai faɗa a bidiyon cewa akwai masu cewa makama.