Daɓen katakon falonmu da hidimar Kirsimeti: a shafa banish ko a bari?

Maman Godiya: Jama'a, barkanmu da sanyi. Shawara nake nema. Gidan da muke ciki a Jos tsoho ne, tun na zamanin Turawan kuza, kuma daɓen falon na katako ne, irin ƙananan gutsattsarin nan da ake jerawa kamar saƙar tabarma. Duk ya dushe, bakin ƙofa har ya yi baƙi, kuma tun shigowar hunturu tsakanin katakon ya bubbuɗe. Saura mako uku Kirsimeti, dangin maigida na tafe daga Pankshin. Wani kafinta ya ce zai cike tsagogin ya shafa banish cikin kwana biyu. In ba shi aikin? Ga bishiya da fitilu ma ina son kafawa.

Baba Kafinta: 'Yata, kada ki ba shi. Tsagogin nan ba lalacewa ba ce, iskar hunturu ce ta tsotse danshin katakon ya tsuke. Da damina ta sauka zai kumbura ya koma wurinsa. In aka cike su yanzu da abu mai tauri, ranar da ya kumbura bai sami wuri ba sai ya turo sama, wasu su ɓalle, don irin wannan daɓen da kwalta ake manna shi a da, ita kuwa in ta tsufa ƙeƙashewa take yi.

Sai maganar banish. Tsofaffin gidajen nan yawanci folish mai kaki, irin kakin zuma, ake shafa musu shekara da shekaru, banish kuma ba ya kama jikin kaki, ɓarewa zai riƙa yi. Ki gwada a lungu: ki ɗiga tafentain, man nan da ake tsinka fenti da shi, a farin ƙyalle ki murza. In ƙyallen ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai maiƙo, kaki ne. To sai an kankare shi da sanfefa har a kai ga ainihin katako, a fara da mai lamba 40, a bi da 80, a gama da 120. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Banish mai mai kuma, ko da an taka shi bayan kwana ɗaya ko biyu, yakan kai wajen wata guda kafin ya yi ƙwari sosai. Ga ƙurar Disamba, duk wadda ta sauka a kansa yana ɗanye ta zauna ke nan.

Anti Ladi: Baba, ai akwai na ruwa, mai saurin bushewa kuma ba wari sosai. Shi muka sa a namu.

Baba Kafinta: Akwai, amma shi ma ba ya shiri da kaki. Ta share daɓen, ta goge da ƙyallen da aka matse sosai, ta shafa folish kaɗan-kaɗan, in ya sha iska a murza da busasshen tsumma. Zai yi sheƙin da zai fitar da ita kunya. Babban aikin a bari sai baƙi sun watse, ƙura ta kwanta.

Hajiya Babba: Ni ta wajen ado zan sa baki, don da Sallah mun ga abin da taro ke yi wa katako. Ki shimfiɗa darduma daga bakin ƙofa, yashin takalmi shi ne ya baƙanta miki wurin. Kujerun haya masu ƙafar ƙarfe kuma, ki yanka tsohon bargo ki ɗaura musu a ƙafa. Masu takalmi mai tsini su tuɓe a waje, ko surukarki ce!

Anti Ladi: Kuma kada ki manna wayar fitilu a ƙasa da salatif, yana tashi da folish. Ki bi da ita ta jikin bango. Bishiyar ki ɗora ta kan ɗan kafet, kyandir kuma a kan faranti.

Maman Godiya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, akwai guda huɗu da ke motsi kusa da taga, su fa?

Baba Kafinta: Ki ɗaga ɗaya ki leƙa ƙarƙashi. In kin ga ƙasa-ƙasa da 'yan hanyoyi a jikin katakon, gara ce, ki nemo mai feshi tun kafin ki sayo ko balan-balan ɗaya. In kwaltar ce kawai ta saki, ki sa kujera a kansu zuwa Janairu.