Zaɓen lens na makro: abin da aka tsayar da abin da ya rage

Na bi bayanan da masu ɗaukar hoto suka yi ta kawowa kan wane lens ya fi dacewa da makro, wato ɗaukar hoton ƙananan abubuwa daga kusa, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda a fara duba 1:1, wato girman abu a kan sensa (ɓangaren kyamara da hoto ke sauka a kai) ya zo daidai da girmansa na zahiri. Lens masu zuƙowa da yawa an rubuta musu makro, amma ba sa wuce 1:3 ko 1:4.

2. Tsawo, wato lambar mm da ke nuna yadda lens ke jawo abu kusa, shi ne aka fi daɗewa a kai. Mafi yawa sun zaɓi 90mm zuwa 105mm, domin mutum yana samun tazara tsakaninsa da ƙwaro, ba ya korarsa, inuwarsa kuma ba ta rufe haske. Masu ɗaukar furanni da zobba sun ce 60mm ya ishe su, ga sauƙin nauyi. Kaɗan suka kare 180mm. Ni ma ina tare da masu 100mm, tunda yana fitar da hoton fuska da kyau.

3. An rabu kan na'urar hana girgiza. Wasu sun ce dole ce idan da hannu ake ɗauka, wasu suka ce amfaninta yana raguwa sosai a 1:1, gara filasha ko ƙafar kyamara.

4. Saita gani (fokas) da hannu ya fi, shi ya sa aka yaba lens na kamfanin Laowa, waɗanda da hannu ake saita su, masu kaiwa 2:1, wato ninki biyu na girman abu. An kuma ambaci Tamron 90mm da Sigma 105mm.

5. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da zoben ƙara tazara a bayan lens ɗinsa, sai dai yana cin haske.