"Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari": ta hau kan Kamamoto kuwa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jiya a gidan kallo na tambayi samari wa suka sani cikin tsofaffin 'yan ƙwallon Japan. Duk bakinsu ɗaya, Hidetoshi Nakata. Da na ambaci Kunishige Kamamoto, sai kallon-kallo. Mutumin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 75 a wasa 76, alhali Nakata 11 ya ci a wasa 77! Abin ya dame ni, na ce musu na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Nufina shi ya share hanya, na bayansa suka kwashe suna. Na yi daidai?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka juya ta. Labarin da ke cikin maganar ba shahara ba ne. Wanda aka tsere wa ne, ko ƙurar na gaba bai gani ba, sai dai a ba shi labari. Kirari ne ga na gaba. In ƙwallaye kake nufi ta zauna daram, don har yau babu namijin da ya kamo 75 ɗin nan a tawagar Japan. In suna kake nufi, nemi wata.

Hajiyar Maraɗi: To Malam, "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" fa?

Malam Na-Zazzau: A'a, Hajiya. Wannan sai inda aka ci gumin wani. Nakata da ƙafarsa ya je ƙungiyar Perugia ta Italiya a 1998, ya ɗauki kofin lig na ƙasar da Roma a 2001. Bai ci haƙƙin kowa ba.

Baba Mai Rediyo: Ni na san sunan Kamamoto tun ina saurayi, kuma ban manta ba domin mu ya yi wa ɓarna. Gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, Japan ta ci Najeriya 3 da 1, ukun duka shi ya zura. Ya gama da bakwai, ya fi kowa a gasar, biyu daga ciki a ragar masu masauki a filin Azteca, ranar da Japan ta samu lambar tagulla. Amma wa ya gan shi? Duk rayuwarsa ta ƙwallo a Yanmar Diesel ta birnin Osaka ya yi ta, lokacin ƙungiyoyin Japan na kamfanoni ne. Can ya haɗa wasa da horarwa, daga baya ya horar da Gamba Osaka. Nakata kuwa ya zo zamanin tauraron ɗan'adam, yaranmu suna kallonsa. Ni a wurina maganar da ta dace ita ce gani ya kori ji.

Ɗan Fagge: Baba, ai ita wannan ana faɗarta ne idan ido ya tabbatar da abin da kunne ya ji.

Baba Mai Rediyo: Haka ne, amma dubi kalmar "kora". Abin da ido ya gani yana ture na kunne daga zuciya, ko da na kunnen ya fi girma.

Hajiyar Maraɗi: Ban gamsu ba, Baba. Yaran nan ko jin ma ba su yi ba, balle gani ya kore shi. Ɗan Fagge, in ka koma gidan kallon, fara musu da wasan Najeriya na 1968, za su saurara.